Yadda nake farautar ƙugi a tsohuwar amfilifaya mai bawul

Amfilifayar (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da ta koya mini wannan aiki ƙirar farkon shekarun 1960 ce, mai bawul (kwalbar gilashi mai sarrafa wutar lantarki) EL84 guda biyu a ƙarshe, da ECC83 da EF86 a gaba, sai EZ81 mai daidaita wuta. Ta yi fiye da shekara ashirin a ajiye. Da na goge ƙura na leƙa ƙarƙashinta, sai na ga kafasitocin takarda (kafasito abu ne mai tara wuta ya riƙe) sun yi gumin kakin zuma, babbar gwangwanin kafasito kuma ta tofo wani farin gari ta gindi. Ranar da ta fara magana, kiɗa na fita amma ƙugi na biye da shi kamar jirgin sama daga nesa. Sati uku na yi ina binsa, kuma yawancin kwanakin sun tafi ne a canza abin da lafiyarsa ƙalau. Abin da nake so in rage maka ke nan. Ƙugi yana faɗin inda ya fito, in ka saurara kafin ka ɗauki dalma.

Amma ranka tukuna. Cikin waɗannan na'urori akwai wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 500, kuma manyan kafasitoci suna riƙe ta ko bayan ka zare soket. Kafin ka taɓa komai, sauke wutar ta hanyar rezista, kamar mai om 47,000 mai wat 5, daga kan kafasito zuwa jikin ƙarfen shasi, sannan ka auna da mita ka ga ta sauka ƙasa da bolt 10. Kada ka gajarta da sukudireba. In kana awo da wuta a kunne, hannu ɗaya a aljihu. Wasu tsofaffin rediyo da ƙananan amfilifaya ba su da taransfomar wuta sam, shasinsu na iya ɗaukar wutar gida kai tsaye. Irin waɗannan ba na kusantarsu sai da taransfoma mai raba wuta. Kuma kada ka taɓa kunna ta ba sifika a haɗe, domin taransfomar sauti na iya ƙonewa, ita ce kuma mafi wuyar samu.

Kunnawar farko ina yin ta ne ta cikin ƙwan fitila mai zare, mai wat 60, wanda na jera a layi ɗaya da wayar wuta. In ƙwan ya haska ya dushe, madalla. In ya tsaya da haske fes, akwai inda wuta ke gajarta, sai a kashe nan take.

To, yanzu kunne. Wutar gida tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa a Afirka da Turai, sau 60 a Amurka. Ƙugi mai haz 50, wato kai-komo 50 a daƙiƙa, zurfi gare shi, kana jin sa a ƙirji fiye da kunne. Mai haz 100 ya fi shi kaifi, da ɗan zizar ƙudan zuma a ciki. In kunnenka bai raba su ba, akwai manhajojin waya masu nuna mitar sauti. Kara wayar a bakin sifika ka ga inda layin ya yi tsini. Wannan bambanci shi ne rabin aikin. Bawul mai daidaita wuta yana juya kowane zagaye ya zama tudu biyu, kafasitoci ne ke baje tuddan. In sun bushe, tuddan su bi su fito ta sifika, sai ka ji 100. Shi kuwa 50 ta gefe yake kutsowa: daga wayoyin hita (zaren da ke ɗumama bawul), ko daga haɗin ƙasa, ko daga maganaɗisun taransfoma.

Akwai gwaje-gwajen da ba sa cin komai. Kunna ta ka saurari daƙiƙun farko. Bawul sai ya ɗau kamar daƙiƙa goma sha wani abu kafin ya yi zafi ya fara aiki, saboda haka ƙugin da ya zo nan take ba ta bawul ya bi ba, taransfomar wuta ce ke hura wa ta sauti maganaɗisu. Shi ya sa maƙera ke karkata ɗaya daga ɗaya da digiri 90. Bayan haka zare duk abin da ke jone a mashiga. In ƙugin ya tafi, laifin na waje ne, galibi na'urori biyu ne suka haɗu da ƙasa ta hanyoyi biyu. Rage ƙarar zuwa sifili: in ya ɓace, kafin maɓallin ƙara yake shigowa. Sai ka kashe, ka zare bawul na farko, ka kunna ka saurara, haka har ka zo inda shiru ya sauka. Wurin da ka zare na ƙarshe, nan za ka zauna.

A tawa 100 ne ya fi ƙarfi, don haka na canza manyan kafasitoci. Nan mutane ke zarmewa, su ce tunda babba na kashe ƙugi bari a sa ƙato. Kafasito na farko bayan bawul mai daidaita wuta yana da iyaka: EZ81 ba ya son fiye da maikrofarad 50, GZ34 kuma 60. In ka wuce, kowace kunnawa bawul ɗin zai sha duka har ya fara tartsatsi a ciki. Ƙarin ka kai shi gaba, bayan rezista ko cok (naɗin waya mai tace wuta). Ka kula da ƙafar da ke da alamar ragi, kuma ƙarfin bolt ɗin sabon kada ya gaza na tsohon.

Kafasitocin takarda da ke tsakanin mataki da mataki kuwa ba na ma tsayawa gwada su, canzawa nake yi. Suna yoyon wuta zuwa cikin bawul na ƙarshe, sai ka ga farantin cikinsa ya yi ja kamar garwashi. Wannan ma yana da alaƙa da ƙugi, domin EL84 biyun nan aikin tura-ja suke yi, wato ɗaya na turawa yayin da ɗayan ke ja, kuma ragowar tuddan wutar suna soke juna ne muddin biyun suna jan wuta daidai. In ɗaya ya gaji, ƙugi ya samu ƙofa. Auna su, in sun yi nisa da juna, nemi tagwaye da aka gwada.

Da 100 ya kwanta, sai 50 ya bayyana a ƙarƙashinsa, shi ne kuma ya fi cin lokacina. Hitar bawul tana cin bolt 6.3 na wuta mai kai-komo, wayoyinta na ratsa ko'ina. Wani da ya gyara ta a baya ya warware su ya bar su suna lilo dab da ƙafar shigar sauti ta EF86. Na murɗe su tam kamar igiya, na kwantar da su a kusurwar shasi, inda dole su haɗu da wayar sauti kuma na sa su gitta juna, ba su jera ba. Sai na duba ko layin hitar yana da tsakiya da aka kai ƙasa. In babu, rezista biyu masu om 100, ɗaya daga kowace waya zuwa ƙasa, sun wadatar. Ni na fi son rezista mai juyawa, mai om 250 ko 500, in murza a hankali kunnena na jikin sifika, sai in ji ƙugin na nutsewa, ya kai ƙasa, ya fara tasowa, in dawo baya kaɗan in tsaya. In duk da haka bawul na farko na ƙugi, gwada wani, domin hita na iya yoyo a cikin kwalbar kanta.

Haɗin ƙasa na bari ƙarshe. Tsatsa a ƙarƙashin sukurori da fasassun dalma sun isa su kawo ƙugi; kwance, kankare har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure. Ƙasar babban kafasito na farko tana ɗauke da wuta mai datti, kada ta yi tarayya da ƙasar mashigar sauti a waya ɗaya. Tsohuwar wayar wuta mai baki biyu na cire ta na sa mai uku, na ɗaure ta ƙasan a shasi da sukurinta ita kaɗai. Za ka ji masu cewa yanke wannan waya na kashe ƙugi. Wani lokaci yana kashewa, amma ita ce ke tsakaninka da mutuwa ranar da taransfoma ta yi yoyo, don haka kada ka yanke ta. Jona dukkan na'urorin a soket guda, ko ka sa ƙaramar taransfomar raba sauti a wayar da ke haɗa su.

Canji ɗaya nake yi, in kunna, in saurara, in rubuta a littafi. Yanzu tawa sai ka kara kunne kamar taƙi ɗaya daga sifika, da dare, kafin ka ji ɗan numfashinta. A nan na rufe ƙasanta na ɗaure sukurori.