Kurakuran da aka fi yi idan injin mota na misin

Injin da ke misin ba ya ɓoyuwa. Mota na karkarwa a silo, a taka totur ta yi nauyin tashi, salansa na tari, mai kuma na ƙarewa da wuri. Abin da ke faruwa shi ne silinda ɗaya ko fiye ta kasa ƙona man da aka ba ta a kan lokaci. Kafin ta ƙona shi sai abu uku sun haɗu: wuta daga filogi, mai da iska daidai gwargwado, da matsi mai ƙarfi daga fistin. Ko wanne ya gaza, abin da direba ke ji kusan ɗaya ne. Shi ya sa ake yawan sayen kayan da ba su ne matsalar ba.

Kafin a zo maganar gyara, akwai kuskuren direba kansa: ya ga fitilar inji na ƙyaftawa a dashbod, ya ce bari ya ƙarasa inda za shi. Idan ta kunnu ta tsaya cak, ana iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa kuwa, ɗanyen mai ne ke bi ta salansa yana ci a cikin katalis, matatar hayaƙin nan, har zafi ya narkar da cikinta. Kuɗinta ya ninka na filogi da koyil, mai ba filogi wuta, sau da yawa. A rage gudu, a nemi wurin tsayawa.

Sai cire kan batir don fitilar ta mutu. Ta mutu ɗin, amma an goge shaida. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da tsarin OBD-II ko makamancinsa, wanda ke ajiye lambar matsala tare da bayanin halin da injin ke ciki a lokacin: zafinsa, gudunsa, da nauyin da yake ɗauke da shi. A fara jona na'urar duba mota a karanta lambar, a rubuta, kafin a taɓa komai.

Babban kuskure shi ne ɗaukar lambar a matsayin hukunci. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuma na nufin abin na yawo ko ya shafi silinda da yawa. Ba inda lambar ta ce filogi ya mutu. Kwamfutar motar ba ta ganin filogi ma. Tana lura ne da juyawar kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, in ta ga ya ɗan yi sanyi a daidai bugun wata silinda sai ta rubuta lambarta. Ta nuna wuri, ba ta faɗi dalili ba. Amma sau da yawa bakanike zai ga P0303 ya ce wa mai mota, "Alhaji, a sayo filogi huɗu da koyil huɗu." In an yi sa'a a dace. In ba a yi ba, gobe a ce injekta mai fesa wa silinda mai, jibi a ce famfon mai.

Gwajin da ya fi wannan bai cin ko sisi. A ɗauke koyil ɗin silinda ta uku a musanya shi da na ta ɗaya, a goge lambar, a tayar da mota. In lambar ta koma P0301, koyil ne, magana ta ƙare. In ta tsaya a P0303, a musanya filogi. In har yanzu ba ta motsa ba, a koma ga injekta. Sharaɗin shi ne abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya musanya koyil da filogi tare bai san wanne ya ɗauke ciwon ba. A kuma tabbatar wacce ce silinda ta ukun, musamman a inji mai siffar V. A injinan V8 na Ford ana ƙirga 1 zuwa 4 a gefe ɗaya, 5 zuwa 8 a ɗayan, alhali na Chevrolet 1, 3, 5, 7 ne a gefe guda. Mutum na iya yini yana wahala a kan lafiyayyiyar silinda.

Filogin da aka cire ma a dube shi kafin a jefar. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai danƙo, baƙin mai na shiga silinda. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Wanda ya fita tsaf kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa na da datti, a zargi ruwan lagireto. In ramin filogin cike yake da baƙin mai, gaskat ɗin murfin bawul ne ya saki, kuma zai kashe sabon koyil kamar yadda ya kashe tsohon.

Wurin ɗaura sabo akwai nasa ɓarnar: sa filogin da ba lambar injin ba don kawai zaren ya shiga, ko ɗaurewa da ƙarfin tsiya a kan aluminiyam mai zafi har zaren ya lalace. A bari inji ya huce, a fara murzawa da hannu, sannan a sa sifana. Tazarar bakin filogi a yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 da 1.1, amma littafin motar ne ke da ta cewa. Na iridiyam bakinsa siriri ne, ba a ƙwanƙwasa shi. A mota mai wayoyin filogi, a sauya su ɗaya bayan ɗaya, domin inji mai silinda huɗu galibi yana bugawa ne 1-3-4-2, haɗa waya biyu a karkace kuma sabon misin ne. Ita kuwa tsohuwar dabarar fizge waya inji na aiki don a ji ko sauti zai sauya, a bar ta: wutar na kai dubban volt, tana iya ƙona koyil, tana iya girgiza mai hannun.

Mutane kan manta su tambayi yaushe abin ke faruwa, alhali rabin amsar na nan. Misin a kan tudu ko lokacin da aka taka totur sosai ya fi nuna wuta, don matsi na ƙaruwa, rarraunan koyil ya kasa. Misin a silo da ke ɓacewa in an taka totur ya fi nuna iska na satar shiga ta tsagaggen tiyo ko gaskat ɗin manifol, bututun da ke raba wa silinda iska. In P0300 ta zo tare da P0171, wato iska ta rinjayi mai, to a daina zargin filogi. Abin da ya taɓa silinda duka, na kowa ne: ƙarfin famfon mai, toshewar filta, gurɓataccen mai, na'urar auna iska, ko bel ko sarƙar taimin, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da ta tsallake haƙori.

Gwajin da aka fi gudu shi ne na matsi, wataƙila don ana tsoron amsarsa. Amma in koyil, filogi da injekta duk sun zagaya lambar na nan daram a silinda ɗaya, ba sauran zaɓi. A ɗuma inji, a cire filogi duka, a katse mai da wuta, a buɗe totur, a auna kowace silinda. Bambancin da ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari abin dubawa ne. A ɗiga baƙin mai kaɗan a mai raunin a sake aunawa: in awon ya tashi, ringin fistin ne; in bai tashi ba, bawul ne ko gaskat ɗin kan inji. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare galibi gaskat ne ya ƙone a tsakaninsu. Haka motar da ke misin da safe na ɗan lokaci sannan ta daidaita, ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi na fita: ruwa ne ke ɗiga cikin silinda da dare.

Bayan gyara kuma kada a miƙa makulli don injin ya yi luf a gareji. A goge lambar, a fita da motar a maimaita halin da ta rubuta tun farko, in a kan tudu ne a hau tudu, in da sanyin safiya ne a jira safiya, sannan a sake jona na'ura a duba ƙididdigar misin ta kowace silinda.