Yadda Ake Ƙara Lamba a Teburin MySQL

A ce kana da tebur mai suna kaya a rumbun bayanan shagonka na MySQL, wato manhajar da ke ajiye bayanai a tebura, an sauke buhun shinkafa guda, kana so adadin ya ƙaru da ɗaya.

Da farko duba layin da za ka taɓa: SELECT * FROM kaya WHERE id = 7; Wannan umarnin zai nuna maka duk abin da ke layin da lambarsa (id) take 7, a ce ita ce lambar shinkafa. Ka tabbata shinkafar ce, ba sukari ba.

Sai ka rubuta: UPDATE kaya SET adadi = adadi + 1 WHERE id = 7; In buhu goma aka kawo, sa 10 a gurbin 1.

Don Allah kada ka mance da WHERE. Shi ne ke zaɓar layin da za a taɓa; in ba ka sa shi ba, kowane kaya a teburin zai ƙaru, har da gishiri da man gyaɗa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka bar rumbun ya yi lissafin da kansa. Wasu kan karanto adadin zuwa manhajarsu, su ƙara ɗaya, su mayar. To, in yaran shago biyu suka shigar da kaya lokaci guda, kowanne ya ga 40, kowanne ya rubuta 41, alhali 42 ne gaskiya. Buhu ɗaya ya ɓace a lissafi, ba wanda ya sace.

In gurbin adadi babu komai, wato NULL, ƙari ba ya kamawa, NULL zai ci gaba da zama. Maganinsa: SET adadi = COALESCE(adadi, 0) + 1, domin COALESCE zai ɗauki 0 a madadin NULL.

Daga nan sake yin SELECT ɗin farko, ka ga sabon adadin da idonka.