Yadda ake auna saurin tambayar SQL kafin aikin Hajji ya taso

Mai kula da rumbun bayanan kamfanin da ke yi wa alhazai hidima a Jidda ko Makka, aikinsa ba ɗaya yake ba a cikin shekara. A Muharram da Safar akwai sauƙi, kana danna maɓalli shafi na buɗewa. Daga Ramadan zuwa Zulhajji kuwa, teburin da ke da layuka dubbai sai ya koma miliyoyi: sunaye, lambobin fasfo, ɗakunan masauki, kujerun mota, tantunan Mina. Hajjin 2023 ya tara mutum sama da miliyan 1.8, Najeriya kaɗai kujeru 95,000 aka ba ta. Ko ɗan yanki kamfaninku ke ɗauka daga ciki, kowane alhaji yana haifar da layuka da dama a tebura daban-daban.

A wannan lokacin ne ƙannenmu da ke koyon aiki suke zuwa su ce mini, "Yaya, manhajar ta yi nauyi." Ni kuma tambayata ba ta canzawa: wace tambayar SQL ce, wato wane umarni ne manhajar ke aika wa rumbun bayanai, kuma milisakan nawa take ci (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya)? Muddin babu lamba, duk gyaran da za ka yi lalube ne. Ina aiki da PostgreSQL, ɗaya daga cikin injinan sarrafa rumbun bayanai, don haka da shi zan yi bayani, zan kuma taɓo sauran a ƙasa.

Ka fara da gano tambayar da ta cancanci awo. Mutane sukan kama wadda ta fi kowace jinkiri, alhali sau da yawa ba ita ce ke cinye ƙarfin saba ba, wato kwamfutar da rumbun ke gudana a kanta. A ce rahoton ƙarshen wata yana cin sakan 30, amma sau ɗaya ake kiran sa. A ce kuma binciken lambar fasfo yana cin milisakan 50, amma ana kiran sa sau 200,000 a yini. Na biyun ya ci sakan 10,000, wato kusan awa uku na lokacin saba. Abin da zai nuna maka wannan shi ne pg_stat_statements, wani ƙari na PostgreSQL da ke tara ƙididdigar tambayoyin da aka gudanar. Ka sa sunansa a shared_preload_libraries, ka sake tayar da saba, sannan ka ce CREATE EXTENSION pg_stat_statements. Bayan ya yini yana tattarawa, ka jera sakamakon bisa total_exec_time daga babba zuwa ƙarami, ka duba calls da mean_exec_time a gefe. Idan PostgreSQL ɗinka ya girmi fitowa ta 13, sunayen su ne total_time da mean_time. Biyar na sama nake ɗauka, sauran su jira.

Sai batun inda za a yi awon. Kwamfutar hannunka mai layi 500 ba za ta faɗa maka gaskiya ba, domin a ƙaramin tebur PostgreSQL yakan zaɓi ya karanta komai daga farko zuwa ƙarshe, kuma zaɓin nasa daidai ne, hakan ya fi arha. Kana buƙatar rumbun gwaji mai girman da kake tsammani a Zulƙida. Amma don Allah kada ka kwashi bayanan alhazai na gaskiya ka zuba a kwamfutarka ka tafi da su gida. Amana ce, kuma dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya tana aiki tun Satumban 2023. Ka ƙirƙiri bayanan bogi da generate_series, sai dai ka kula su yi kama da na gaskiya a wajen rabo. Idan yawancin alhazanku daga ƙasa ɗaya suke, kuma rabinsu sun sauka cikin mako guda, to na gwajin ma su kasance haka. Bayanan da aka raba daidai wa daida suna sa tambaya ta yi kyau a gwaji ta ba ka kunya a fagen aiki. Da ka gama zubawa ka gudanar da ANALYZE, don injin ya san abin da ke cikin teburansa.

Agogo biyu ne a hannunka, kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na farko a cikin psql yake, manhajar da ake rubuta wa PostgreSQL umarni da ita: ka rubuta \timing on, daga nan kowace tambaya za ta fito da lokacinta. Wannan lokacin ya haɗa da tafiyar tambayar zuwa saba, da aikin saba, da dawowar sakamako zuwa gare ka. Na biyu shi ne EXPLAIN ANALYZE, wanda ke gudanar da tambayar a cikin saba, ya ba ka Planning Time da Execution Time, ba tare da ya aiko maka da layukan ba. Idan na farko ya ce milisakan 900, na biyu ya ce 40, to laifin ba na rumbun ba ne: ko hanya ce, ko kuma layukan da kake jawowa sun yi yawa.

Batun hanya na so a tsaya a kansa, don muna raina shi. Haske a cikin wayar intanet ta gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan guda. Idan ofishinku na Jidda, sabar kuma tana Frankfurt a Jamus, tazarar ta kai kimanin kilomita 4,000, wato zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 40 ba ko da komai na tafiya daidai. Yanzu ka ɗauki manhajar da ke jawo jerin alhazai 200, sannan ta aika wa kowanne tambayarsa daban don neman ɗakinsa. Sakan 8 sun tafi a kan hanya kawai, alhali kowace tambaya a idon saba ba ta kai milisakan ɗaya ba. Babu fihirisar (index, wato jerin da ke kai injin ga layi ba tare da ya karanta tebur duka ba) da za ta warkar da wannan. Maganinsa a haɗa tambayoyin su zama guda da JOIN.

Kada ka yarda da awo ɗaya. Karon farko bayanan suna kan faifai, karo na biyu sun riga sun hau RAM, kamar ɗan kasuwar da a karon farko sai ya shiga sito ya ɗauko maka kaya, a na biyu kuwa suna nan kan kanta. Duka lambobin biyu gaskiya ne, ka rubuta su daban. Binciken fasfo da ake yi dare da rana, lambar karo na biyu ce ta dame shi. Rahoton da ake jawowa sau ɗaya a wata kuwa, ta farkon ce za ta same shi kullum. Ka maimaita kamar sau goma, ka jera lokutan daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. Ba na son a tara a raba, domin awo ɗaya da ya yi karo da wani aiki a sabar zai karkatar da lissafin gaba ɗaya.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake, wato karanta tsarin da injin ya bi. Ka rubuta EXPLAIN (ANALYZE, BUFFERS) a gaban tambayarka. A fitowa ta 18 BUFFERS yana zuwa da kansa, a na baya sai ka nema. Abin da zai fito bishiya ce, ana karanta ta daga layukan da suka fi shigewa ciki zuwa na waje.

Lambobin da ke gaban cost ba lokaci ba ne, kiyasi ne na injin da yake kwatanta hanyoyi da shi. Wannan dabara ta zaɓen hanya bisa kiyasin tsada ta samo asali daga aikin da Patricia Selinger da abokan aikinta suka wallafa a IBM a 1979, kuma har yau rauninta bai canza ba: idan kiyasin adadin layuka ya karkace, zaɓin hanya ma ya karkace. Shi ya sa abin da na fara dubawa shi ne rows na kiyasi da rows na gaskiya. Idan injin ya zaci layi 12 ne sai ga 80,000, zai iya zaɓar Nested Loop a inda Hash Join ya fi dacewa (dukansu hanyoyin haɗa tebura ne). A wajenmu wannan yakan faru ne washegarin da aka zuba jerin alhazan sabon jirgi da yawa a lokaci guda, kafin injin ya sabunta ƙididdigarsa. ANALYZE a kan teburin sau da yawa ya isa.

Ka kula da loops sosai. Lokacin da ke gaban actual time na zagaye ɗaya ne. Layin da ya nuna milisakan 0.05 zai yi maka kama da ba komai ba, har sai ka ga loops=60000 a gefensa, ka ninka, ka sami sakan uku cur.

A ƙarƙashin Buffers, shared hit shafukan da aka samu a ma'ajiyar PostgreSQL ne, read kuma waɗanda sai da ya nemo daga waje. Kowane shafi kilobait 8 ne. Wannan lambar na fi amincewa da ita fiye da agogo, saboda lokaci yana hawa da sauka gwargwadon hidimar da saba ke ciki, amma jimillar shafukan da tambaya ta taɓa ba ta cika motsi ba. Gyaran da ya sauko da shafuka daga 90,000 zuwa 40 gyara ne na gaske, ko a wace rana ka auna.

Abu biyu kuma da ido ya kamata ya kama. Seq Scan tare da Rows Removed by Filter mai yawa yana nufin an karanta dubban layuka an watsar don a sami kaɗan. Sort Method: external merge Disk kuma yana nufin jerawar ta fi ƙarfin work_mem, wato RAM ɗin da aka ware wa irin wannan aiki, wanda asalinsa megabait 4 ne, har ta gangara faifai.

Misalin da na fi cin karo da shi a nan Saudiyya na kwanan wata ne. Muna aiki da kalandar Ummul Ƙura, rumbun kuma yana ajiye kwanan Miladiyya. Sai mutum ya rubuta aikin da ke juya kwanan zuwa Hijiriyya, ya ɗora shi kan ginshiƙin a cikin WHERE. Fihirisar da ke kan ginshiƙin ta tashi a banza, domin dole injin ya juya kowane layi kafin ya kwatanta. Ka juya kwanan a cikin manhaja tukuna, ka aiko da farko da ƙarshe na Miladiyya, ka sake awo, za ka ga Index Scan ya bayyana. Na biyu binciken suna ne. Muhammad, Muhammadu, Mohammed, ga kuma rubutun Larabci, sai ma'aikaci ya koma LIKE '%hamm%'. Fihirisa ta yau da kullum ba ta iya taimakon binciken da ya fara da alamar %. A nan pg_trgm, ƙarin da ke raba kalma zuwa haruffa uku-uku, da nau'in fihirisar da ake kira GIN suke amfani, amma ka auna sunayen Larabci daban, don saitin harshen rumbun yana shafar yadda yake gane haruffansu.

Gargaɗi mai nauyi: EXPLAIN ANALYZE yana aikata abin da ka rubuta da gaske. Ka sa shi gaban DELETE, layukan sun tafi. Ka fara da BEGIN, ka yi awon, ka rufe da ROLLBACK. Ko da hakan, layukan da ya taɓa suna kulle har sai ka rufe, don haka ba abin yi ba ne a rumbun aiki ana tsakar rabon motocin Arafat.

Duk wannan awon mutum ɗaya ne a saba. Ranar 8 ga Zulhajji ma'aikata da yawa ne ke dannawa a lokaci guda, kuma tambayar da ke gudu ita kaɗai tana iya tsayawa jiran wata ta saki kulle. Don gwada wannan akwai pgbench, manhajar da ke kwaikwayon masu amfani da yawa a lokaci guda. Ka zuba tambayarka a fayil, ka ce pgbench -n -c 50 -j 4 -T 300 -P 10 -f bincike.sql sannan sunan rumbun gwaji. Ma'anarsa mutum 50 a tare, na minti biyar, da rahoto kowane sakan 10. Ka sa lambar fasfon ta riƙa canzawa da \set da random, in ba haka ba layi ɗaya za a yi ta karantawa daga RAM. Ka ƙara -l don ya rubuta lokacin kowane aiki, daga nan ka fitar da lokacin da kashi 95 cikin 100 ba su wuce ba. Wannan lambar ce ke gaya maka halin ma'aikacin da ke tsaye gaban dattijo a rana yana jiran allo. Yayin da gwajin ke gudana ka leƙa pg_stat_activity, ginshiƙin wait_event_type zai nuna maka ko Lock ake jira ko IO.

Masu MySQL suna da EXPLAIN ANALYZE tun fitowa ta 8.0.18 a 2019, da slow_query_log, sai dai long_query_time asalinsa sakan 10 ne, ka sauko da shi sosai in kana son ganin wani abu. A SQL Server ka kunna SET STATISTICS TIME ON da SET STATISTICS IO ON, ka duba logical reads. A SQLite, .timer on da EXPLAIN QUERY PLAN.

Idan ka zo gyara, abu ɗaya za ka canza, ka auna, sannan ka matsa. Ka ajiye fayil mai ɗauke da tambayar, da girman tebur, da tsarin kafin gyara da na bayansa. Duk fihirisar da ka ƙara kuma ka auna INSERT bayanta, domin kowane sabon layi sai an rubuta shi a cikinta, mu kuwa a Shawwal da Zulƙida rubutu ne ya fi yawa. A rumbun aiki ka gina ta da CREATE INDEX CONCURRENTLY don kada ta tare masu rubutu.

Ni a Rajab da Sha'aban nake wannan aikin, kafin cunkoson Umrar Ramadan. Ana gobe azumi nakan kira pg_stat_statements_reset() don lissafi ya fara sabo, in saita log_min_duration_statement a 500 domin duk tambayar da ta kai rabin sakan ta shiga rajista. Abin da Ramadan ya fito da shi a wannan rajistar shi nake gyarawa a makon farko na Shawwal, kafin jiragen farko na alhazai su fara sauka a Zulƙida.