Ga wanda ya gama maganin ciwon daji (kansa)

Salam 'yan uwa. Duk wanda ya gama kemo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji) ya san gajiyar nan da rashin barci da fargabar kar ciwon ya dawo basa tafiya da wuri. Ku gwada wannan, bayan sallar asuba ku zauna minti 10 ku bi numfashinku kawai, shigarsa da fitarsa, in tunani ya ɗauke ku (kuma wallahi zai ɗauke ku) sai ku dawo a hankali ba tare da jin haushin kanku ba. Bin numfashi ɗin nan wani ɓangare ne na shirin rage damuwa da wani malamin jami'a, Jon Kabat-Zinn, ya tsara a Amurka a 1979, sati 8 ake yin shirin. An fi ganin amfaninsa wajen rage damuwa. Amma fa kar a daina zuwa asibiti, sabon ciwo ko kumburi likita ake nunawa.