Yadda ake tsara ajin jama'a da mulki a labarin almara na haɗin gwiwa

Idan mutum biyar ko shida ke gina labari ɗaya, kowa riƙe da jaruminsa, tsarin mulkin ƙasar da suka ƙirƙira shi ne dokar wasan. Shi ke nuna wanda zai ba da umarni, wanda zai shiga fada kai tsaye, da wanda dogari zai tsayar a ƙofa. Saboda haka a gama wannan aikin tun a zaman farko, kafin kowa ya zaɓi jarumi.

A fara da abinci. Kafin zuwan injina yawancin mutanen kowace daula manoma ne, don haka idan ƙasarku na da mutum 100,000, ku ajiye kamar 85,000 a gona da kiwo. Sai ku tambayi kanku: me ƙasar ke samarwa, wa ke karɓar haraji, ta hannun mutum nawa yake bi kafin ya isa baitulmali? Wanda ke riƙe da rumbuna ko mashigar kogi ko ramin ma'adinai yana da ƙarfi ko da babu sarauta a kansa.

Daga nan a yanka aji. Uku zuwa biyar sun isa. In suka wuce haka, ba mai tuna su bayan mako biyu. Kowane aji a ba shi layi huɗu: abin da ya mallaka, abin da ake bin sa, abin da aka hana shi, da yadda ake gane shi a kan hanya, wato tufa, lafazi ko izinin rataya takobi. Sai layi na biyar, wanda aka fi mantawa da shi: ta ina ake hawa, ta ina ake faɗuwa? A Sin, jarrabawar shiga aikin gwamnati ta buɗe wa ɗan talaka mai ilimi ƙofar mulki, aƙalla a ƙa'ida, har aka soke ta a 1905. Birnin Benis na Italiya kuwa, daga 1297 ya fara rufe babbar majalisarsa har ta koma gadon wasu gidaje. Tsari na farko yana haifar da labarin buri da cin hanci, na biyu labarin auren siyasa da jabun asali da tawaye. Ku zaɓi wanda kuke son bugawa.

Sihiri na buƙatar amsa ɗaya tak: in matsafi ɗaya zai iya ƙona runduna, me ya hana shi hawa karaga? Ko dai sihirin yana cin ƙarfin mai shi, ko kayan haɗinsa na hannun hukuma, ko matsafan sun kasu gida biyu suna tsoron juna. In babu amsa, ɗan wasa mai wayo zai gano ramin, ya rushe muku daula a zama ɗaya. A kuma yanke ko gadonsa ake yi ko koyonsa, domin sihirin gado ajin masu mulki ne ya haifa ko an so ko ba a so ba.

Yanzu kan mulkin. Tambayar da ta fi “wa ke mulki” amfani ita ce: wa zai iya ce wa mai mulki a'a? Ku kafa cibiyoyin iko uku, misali fada, majalisar attajirai da shugabannin runduna, kowacce tana buƙatar wani abu daga sauran biyun, kuma tana da abin da za ta iya hana su. Jamhuriyar Rum ta da tana zaɓen shugabanni biyu duk shekara, kowane ɗaya na iya taka wa ɗan uwansa birki. Amma kada birkin ya yi yawa. A majalisar Poland ta da, wakili ɗaya na iya rushe zama gaba ɗaya, kuma tun daga 1652 aka riƙa amfani da wannan dama har majalisar ta kasa aiki. Wasan da kowa ke da ikon soke komai a cikinsa haka zai tsaya cak.

Dokar gado ta cancanci a zauna a kanta, don a nan rikici ya fi daɗi. Babban ɗa ne ke gado? Zaɓe ake yi, kamar yadda wata doka ta shekarar 1356 ta ba manya bakwai ikon zaɓen sarkin Jamus? Ku rubuta dokar a jimla biyu, sannan da gangan ku bar mata giɓi guda: ɗan da aka haifa bayan rasuwar sarki, ko kujerar mai zaɓe da mutum biyu ke iƙirarinta.

Inda wasa ya fi lalacewa shi ne wajen rabon matsayi. Wani ya ɗauki yarima, sauran suka koma 'yan rakiya, sai gundura ta shigo. Maganinsa shi ne karagar ta zauna a hannun jagoran labari, wato mai gudanar da wasan. Duk jarumi mai babban matsayi a haɗa masa gata ɗaya, nauyi ɗaya da maƙiyi ɗaya. Ɗan ƙasa-ƙasa kuma a ba shi abin da basarake ba zai samu ba, kamar shiga kasuwa ba a gane shi ba, ko jin hirar bayin fada. Umarnin da jarumi ya bayar ba ya ɗaure ɗan wasan da aka umarci jaruminsa: yana iya ƙi, amma hukuncin ƙin ya kasance a rubuce tun farko. Batun bauta da azabtarwa kuwa, a tambayi kowa iyakarsa kafin a saka su.

A tattara komai a shafi ɗaya da kowa ke iya gani, a amince cewa sabuwar doka ba ta shiga sai da yardar mafi rinjaye. Sannan a gwada tsarin da ƙara guda: an sace doki. In manomi ne ɓarawon, wa zai kama shi, wa zai yi shari'a, me za a yi masa? A sake tambaya in ɗan basarake ne, sannan in matsafi ne. Duk inda bakinku ya rabu, wurin ne ke buƙatar ƙarin layi kafin a fara wasa.