Yadda Ake Ƙaruwa da Wanda Ra'ayinku Ya Saɓa a Garin Jos

Tun bayan rikicin watan Satumba na 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwannin Jos da dama sun rabu bisa addini da ƙabila, har ya zama matashi yana iya tasowa a Anguwan Rogo ko Anguwan Rukuba bai taɓa jin hujjar ɗaya ɓangaren daga bakin mai ita ba. Wanda yake son cike wannan giɓi yana iya bin matakan nan.

Da farko ka zaɓi mutum ɗaya wanda wata hulɗa ta riga ta haɗa ku, kamar abokin ciniki a kasuwar Farin Gada ko abokin karatu a Jami'ar Jos, kuma ku zauna ku biyu. A cikin taro, musamman a Facebook, kowa yana magana ne don mutanensa su yaba masa, kuma ba a ƙaruwa a irin wannan wuri.

Bayan gaisuwa, kada ka buɗe da tambayar mene ne ra'ayinsa. Ka tambaye shi yadda aka yi ya kai ga ra'ayin. Idan dattijo ne, sai ka ce, "Baba, yaya garin nan yake a lokacin ƙuruciyarku?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa za ka tarar cewa a ƙarƙashin maganar da kake ɗauka ƙiyayya ce akwai gidan da aka ƙone, ko gonar da aka rasa.

Mataki na uku shi ne mafi wuya, wato tantance kalmomi. Idan ɗan ƙabilar Birom ko Anaguta ko Afizere ya ce "ɗan ƙasa", galibi yana nufin ƙasar kakanni da sarautar gargajiya, alhali Bahaushen da kakansa ya zo tun zamanin haƙar kuza yana jin kalmar "baƙo" a matsayin hana shi takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen gurbin karatu da aikin gwamnati. Haka ma ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991: kowane ɓangare yana da nasa labarin a kanta, kuma ya kamata ka ji duka biyun kafin ka yanke hukunci.

Daga nan sai ka maimaita masa hujjarsa da bakinka, ba tare da rage mata ƙarfi ba, har sai ya ce, "Haka nake nufi." A ganina, wanda bai kai wannan matsayi ba bai isa ya yi raddi ba tukuna. Wannan ya shafi saɓanin cikin gida ma, tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, ƙungiyar da aka kafa a nan Jos a 1978. Akwai abin koyi ga magabata wajen ƙaruwa da wanda aka saɓa da shi: Imam Shafi'i ya yi karatu wurin Imam Malik a Madina, sannan ya ɗauki ilimi wurin Muhammad al-Shaibani, almajirin Imam Abu Hanifa, duk da bambancin hanyoyinsu.

Sai bayan haka za ka faɗi naka, kana ambaton wurin da ya gamsar da kai da wurin da har yanzu kuka rabu. Idan ya kawo shekara ko adadi da ba ka sani ba, ka rubuta, ka bincika, ka dawo masa da abin da ka samu a zama na gaba.