Yadda Ake Bin Karatun Littafi da Hirar Marubuta a Rediyo da Waya

Littafin da ake karantawa kashi-kashi a rediyo ba ya jiran kowa. Idan kashi na bakwai ya wuce mutum, na takwas zai zo masa da sunayen da bai sani ba da rigimar da bai ji tushenta ba, daga nan yawanci sai ya haƙura da littafin gaba ɗaya. Don haka shirin da ya kamata a yi shi ne na hana ko kashi ɗaya kuɓucewa.

A fara da lokaci. Gidajen FM na cikin gari suna faɗin lokacinsu da agogon gida, amma tashoshin waje kan haɗa da agogon GMT. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban GMT da awa ɗaya, Ghana daidai take da shi, Sudan kuwa awa biyu. Shirin ƙarfe 19:30 agogon GMT ƙarfe takwas da rabi na dare ke nan a Kano ko Maraɗi, tara da rabi a Khartoum. A saita ƙararrawar waya minti biyar kafin a fara, domin a farkon shiri ne mai karatu ke tuna wa jama'a inda aka kwana.

Rediyon da ke cikin waya yana kama FM ne kawai, daga 87.5 zuwa 108, kuma ba ya cin data ko kaɗan. Sai dai a yawancin wayoyi ba zai yi aiki ba sai an jona abin sauraro mai igiya, saboda igiyar ce eriyarsa. Na Bluetooth ba ya wannan aikin. Idan murya na shuu, a warware igiyar ta miƙe, a matsa kusa da taga. Wayoyi da dama suna da maɓallin naɗar shiri a cikin rediyon; a gwada shi tun da rana, kada a bari sai an fara karatu.

Gajeren zango ne ke buƙatar ɗan sani, kuma shi ne madogarar wanda ke ƙauye nesa da FM. Ta nan mutanenmu suka saba da sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na DW a 1963, da Muryar Amurka a 1979, da RFI a 2007. Ƙa'idar gajeren zango ita ce da rana an fi kama tasha a mita 16 da 19, wato wajajen megahaz 17 da 15, da dare kuma a mita 31 da 41 da 49, wajajen megahaz 9 da 7 da 6. Dalili shi ne muryar tana tashi sama ne ta daki wani sashe na sararin samaniya sannan ta dawo ƙasa, shi kuwa sashen yanayinsa na sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta. Tashoshin ma suna canza mitocinsu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Wanda tasha ta ɓace masa a waɗannan lokutan kada ya kai rediyonsa wajen mai gyara, lafiyarsa ƙalau. Sabuwar mita zai nema, kuma akan sanar da ita a cikin shirye-shirye tun kafin ranar.

Ƙugin da ke danne murya sau da yawa daga cikin ɗakin yake fitowa: cajar waya, inbata, wasu ƙwayayen lantarki, ko janareta. A cire rediyon daga wuta a sa masa batir, a nisanta shi da su. In har yanzu muryar ba ta fito ba, a samu siririyar wayar lantarki mai tsawon mita 5 zuwa 10, a feƙe bakinta a naɗa a eriya, a rataya sauran a sama nesa da wayoyin wuta. Da damina, da zarar hadari ya haɗo a kwance ta, saboda tsawa. Batir mai rauni shi ma yana sa tasha ta riƙa gocewa.

Fodkas, wato shirin murya da ake ajiyewa a intanet, ya kawar da matsalar lokaci amma ya kawo ta data. Lissafin ba wuya: murya mai ingancin 64 kbps tana cin kusan MB 29 a awa ɗaya, mai 128 kbps kusan MB 58. Ga karatu da hira, 64 ya wadatar, kunne ba zai ji wata tawaya ba. Littafin da aka karanta cikin awa goma bai kai MB 300 ba ke nan. Abin takaici, karatun littattafan Hausa da yawa a YouTube yake, inda ake biyan kuɗin hoton da ba ya ko motsi. A can sai a rage ingancin bidiyon zuwa 144p, muryar za ta ci gaba da fita.

Manhajar sauraron fodkas ta Google Podcasts an rufe ta a 2024, amma akwai Spotify da Pocket Casts da Apple Podcasts, ga kuma AntennaPod kyauta a Android. A nemi shirin da sunansa, a danna bi, sannan a sauke kashin gaba ɗaya lokacin da sabis ke da ƙarfi ko ake da datar dare. Sauraro kai tsaye a inda sabis ke rawa yana yanke labari. Idan murya na tsayawa da zarar allon waya ya mutu, tsarin tattalin batir ne ke kashe manhajar. A shiga saiti a cire ta daga cikinsa. Mai sauraro a kwance ya saita agogon barci na minti 20 ko 30, in ba haka ba zai farka ya tarar an karanta babi huɗu bai ji ba.

Ga iyaye da marasa gani da waɗanda babbar waya ba ta dame su ba, ƙaramin rediyo mai cin memori ya fi. Memori mai GB 8 zai ɗauki sama da awa 250 na murya mai 64 kbps. A sa wa fayiloli lamba 01, 02, 03, domin in aka rubuta 1, 2, 3 wasu na'urorin za su kawo na 10 kafin na 2. Wasu kuma suna bin jerin yadda aka zuba ne, saboda haka a tura su ɗaya bayan ɗaya.

Wajen zaɓen abin ji, labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta mafari ne mai kyau, don gajeru ne, ana gama kowanne a zama ɗaya. A hirar marubuci kuwa a ajiye biro kusa, sunayen littattafai kan wuce sau ɗaya ne. Kuma a duba ko tashar da ke karanta littafi ta ambaci marubucinsa da izininsa. Akwai masu karanta littafin mutum ba da saninsa ba, su ci kuɗin talla shi bai ga ko kwabo ba. Idan marubuciya tana da tasharta, ko ta faɗi wanda ta ba izini, a saurara a can.